Motar Sarki Abdul'aziz: Yadda A Ke Raya Tsohuwar Mota

 Jawabin kimiyya na wannan mako a kan wata tsohuwar mota ya ke, da kuma irin aikin da masana su ke yi don kada zamani ya cinye irinta.

Duk alhajin da ya taɓa sauka a unguwar Aziziyya ta birnin Makka, wadda ke kan hanyar Mina, ya san yadda motoci su ke cika titunanta a kwanakin aikin hajji, manya da ƙanana bi da bi, har wani lokaci mai tafiya a ƙasa ya kan riga mai mota isa. Sunan unguwar kuwa yana tuna wa mutum Sarki Abdul'aziz, wanda ya shiga Makka cikin 1924, ya haɗa ƙasar ta zama mulki ɗaya cikin 1932. A zamaninsa ne mota ta soma karɓe aikin raƙumi wajen ɗaukar alhazai tsakanin Jidda da Makka da Madina. Shi kansa Sarkin ya mallaki motoci da dama, waɗansunsu kuma suna nan an adana a birnin Riyad, a Cibiyar Tarihi ta Sarki Abdul'aziz wadda aka buɗe cikin 1999 kusa da tsohuwar fadarsa ta Murabba. A cikinsu akwai wata Rolls-Royce, irin wadda a ke kira Phantom III. Ita ce abin magana yau.

Ga yadda ta zo Arabiya. Cikin watan Fabrairu na 1945, yaƙin Hitila ya kusa ƙarewa, shugabannin Amurka da Ingila da Rasha suka yi taro a Yalta. A kan hanyarsa ta komawa gida Shugaba Roosevelt na Amurka ya sadu da Sarki Abdul'aziz ran 14 ga wata, a cikin wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Quincy, a babban tafkin da ke tsakiyar mashigin Suwez. Ya ba Sarki kyautar keken zama irin nasa, gama dukansu biyu ƙafa tana ba su wahala, ya kuma yi masa alkawarin jirgin sama. Jirgin nan, Douglas DC-3, ya iso cikin shekarar, shi ne kuwa mafarin kamfanin jiragen sama na ƙasar. Bayan kwana uku, watau ran 17 ga wata, Firayim Ministan Ingila, Winston Churchill, ya karɓi Sarki a Fayyum ta ƙasar Masar. Sarki ya zo da kyautai masu tsada ƙwarai, har da takobi da wuƙa masu ado da duwatsu masu daraja. Abin da Churchill ya tanada kuwa turare ne. Da ya ga abin nasa ya kasa, sai ya ce wannan somin taɓi ne kawai, gwamnatinsa za ta aiko wa Sarki motar da ta fi kowace mota kyau a duniya.

Maganar ba ta kunya kaɗai ba ce. Tun cikin 1933 kamfanin Amurka ne ya sami izinin neman man fetur a gabashin ƙasar, aka kuwa same shi a Dammam cikin Maris na 1938. Ingila tana ganin ƙasar da ta daɗe tana hulɗa da ita tana juyawa wajen wani aboki.

Amma yin alkawari ya fi cika shi sauƙi. Tun 1939 kamfanin Rolls-Royce ya bar ƙera motoci, ma'aikatansa duka sun koma yin injin jiragen saman yaƙi, musamman wanda a ke kira Merlin. Sabuwar mota babu. Saboda haka aka nemo Phantom III ƙirar kafin yaƙi, aka sabunta ta, maƙeran Hooper na London suka yi mata jiki. Ashe tun ba ta bar Ingila ba an riga an yi mata aikin rayarwa sau ɗaya. Ba ta isa Arabiya ba sai cikin 1946, lokacin kuwa Churchill ya riga ya faɗi zaɓe, Attlee ne Firayim Minista.

A nan ya kamata a bayyana wani abu da ya bambanta motocin alfarma na wancan zamani da na yanzu. Kamfanin ba ya sayar da mota cikakkiya. Abin da ya ke yi a ma'aikatarsa ta Derby shi ne ƙashin motar, watau firam na ƙarfe da inji da giya da birki da ƙafafu. Mai saye shi zai kai wa maƙeran jiki, irin su Hooper ko Barker ko Park Ward, su ɗora masa ɗaki yadda ya ke so, kamar yadda mutum ya kan sayi yadi ya kai wa tela. Su kan fara kafa haƙarƙari na katako, da wani itace na ƙasar Turai mai ƙarfi da jure lanƙwasa wanda Turawa su ke kira ash, sa'an nan su buga fallayen alminiyam da guduma su lulluɓe shi. Don haka da wuya a sami biyu da suka yi kama sak. Idan aka sa gilashi ya raba direba da maigida, sai a kira motar limuzin, sunan da aka samo daga wani yanki na ƙasar Faransa, Limousin. Ma'anar tsarin a fili ta ke: bara a gaba, ubangida a baya.

Masu tarihi sun ruwaito cewa an yi wa motar Sarki kujerar baya mai faɗi kamar gadon sarauta, da kwanon azurfa na alwala, da matakai masu faɗi a gefe inda dogarai za su tsaya su riƙe marfi. An yi tunanin kome, sai abu guda. Sarki Abdul'aziz ba ya zama a baya. A gaba ya ke zama kusa da direba, musamman in an fita farauta. Motar kuwa sitiyarinta a dama ya ke bisa al'adar Ingila, watau Sarki zai zauna ke nan a hagun direbansa, abin da bai dace da girmansa ba a al'adar Larabawa. Sai ya ba ƙanensa Abdullahi ita.

Ba ganganci maƙeran suka yi ba, ko da ya ke tambaya guda da an yi ta da ta isa. Ƙa'idar ita ce direba ya zauna a gefen da ke kusa da tsakiyar hanya, don ya hangi motar da ke tahowa kafin ya wuce ta gabansa. A Ingila ta hagu a ke bi, don haka sitiyari yana dama. A Arabiya da Nijar ta dama a ke bi. Dattawan Nijeriya za su tuna ran 2 ga Afrilu 1972, ranar da ƙasar ta bar hannun hagu ta koma dama, ta daidaita da maƙwabtanta.

To, sai injin, gama a nan ne hikimar ta ke. Kowane injin fetur yana da silinda, wato bututu, a cikinta kuma fistin yana hawa yana sauka. Aikinsa hawa huɗu ne. Fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su tura fistin ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Cikin huɗun nan ɗaya kaɗai ke ba da ƙarfi, kuma sai babbar sandar injin ta juya sau biyu kafin kowace silinda ta yi bugu ɗaya. Injin mai silinda huɗu yana samun bugu biyu a kowane juyi. Phantom III silinda goma sha biyu gare ta, shida a kowane gefe, an jera su sun buɗe kamar baƙin V na boko, saboda haka bugu shida ta ke samu a juyi guda. Mai sauraro ya tuna mace ɗaya tana daka a turmi: tsakanin bugu da bugu akwai shiru, ƙasa kuma tana girgiza. In mata uku suka shiga lugude, kafin taɓarya ɗaya ta tashi wata ta sauka, har sautin ya zama kamar abu ɗaya mai gudana. Haka injin nan ya ke, shi ya sa wanda ke zaune a ciki da ƙyar ya ke sanin an tashe shi.

Girman silindodin duka ya kai lita 7 da sulusi, kusan ninki biyar na ƙaramar motar haya. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, ashirin da huɗu ke nan, da hanyar wuta biyu dabam dabam, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta ci gaba, dabarar da a ke yi wa injin jirgin sama. Da wata mujallar motoci ta Ingila ta gwada ɗaya cikin 1938, ta yi gudun mil 87 da rabi a sa'a, wajen kilomita 140, tana shan galan ɗaya a mil 10. Akwai kuma wani feda da direba ya kan taka, mai ya bi ta ƙananan bututu ya shafe gaɓoɓin ƙashin motar, da jak da aka gina a jikinta don sauya taya. Guda 727 kaɗai aka ƙera daga 1936 zuwa 1939. Ita ce mota ta ƙarshe da Henry Royce ya sa hannu a zanenta, ya kuwa rasu cikin 1933 bai ga an gama ta ba. Kamfanin bai sake sa injin silinda goma sha biyu a motarsa ba sai cikin 1998.

Amma injin yana da lahani biyu, duk mai gyaran irinsa ya san su. Na fari, ƙarfe ya kan miƙe in ya yi zafi, don haka a kan bar ɗan rata tsakanin bawul da abin da ke tura shi, ratar nan kuwa ita ke sa inji ƙara ƙas-ƙas. Injiniyoyin Derby suka so su kashe ƙarar, sai suka sa baƙin mai ya riƙa cike ratar da kansa ta waɗansu ramuka ƙanana ƙwarai. Dabara ce mai kyau, motocin yanzu da yawa da ita su ke aiki. Sai dai man wancan zamani ba shi da sinadarin da ke hana dauɗa taruwa, in ba a wanke matatar mai a kan kari ba sai ramukan su toshe, injin ya lalace. Cikin 1938 kamfanin ya haƙura ya koma tsohuwar hanya.

Lahani na biyu ya fi muni, shi ne kuma ya kawo maganar abokan gaban tsohuwar mota. Jikin injin na alminiyam ne, bututun silinda na baƙin ƙarfe, lagireto kuma yana da jan ƙarfe, ruwa ɗaya ne ke zagaya su duka don ya sanyaya su. Masana sun sani in aka haɗa ƙarfe iri biyu a cikin ruwa mai ɗan gishiri, to, an yi batir ke nan. Wutar lantarki 'yar kaɗan ta kan gudana tsakaninsu, ɗaya ƙarfen ya riƙa narkewa a hankali. A nan alminiyam ne ke biyan bashin. Ya kan zama farin gari kamar toka, ya taru a hanyoyin ruwa, ya toshe su, injin ya yi ta zafi. Motar da aka ajiye shekaru da ruwa a cikinta ta fi wadda a ke hawa kullum shan wannan cuta. Mai gyara sai ya zare bututun goma sha biyu ɗaya ɗaya, ya kwashe laka, ya cike inda ya ci, in zai zuba ruwa kuma ya haɗa shi da maganin da ke hana cin ƙarfe.

Tsatsa ita ma haɗuwa ce ta abu uku: baƙin ƙarfe, da ruwa, da iskar nan oksijin da a ke shaƙa. In aka raba ɗaya daga cikinsu ba ta samuwa. Abin da ya sa ta fi ɓarna shi ne tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta ɓare ta faɗi, ta buɗe sabon wuri. A nan Riyad ta yi sa'a, gama iskarta busasshiya ce, ba kamar Jidda ko Ikko ba inda raɓar teku ke ɗauke da gishiri. Amma abin da ya ceci ƙarfe shi ke kashe itace da fata. Kowa ya san yadda ƙyauren katako ya kan ƙi rufuwa da damina, ya saki da hunturu, da yadda fatar ganga ta kan tsage in ta bushe ainun. Haƙarƙarin katakon motar in ya bushe sai ya tsuke, ƙusoshi su yi sako-sako, ƙofofi su sunkuya. Fatar kujeru kuma in man da ke cikinta ya ƙare sai ta yi tauri ta karye, abin da dukawan Kano suka sani tun kafin a ƙera mota. Don haka gidajen kayan tarihi su kan riƙe laimar ɗaki a tsaka-tsaki, wajen kashi 50 cikin 100, abin da ya fi muhimmanci kuwa kada ta riƙa hawa da sauka.

Roba ba ta da magani. Hasken rana da wata iska mai suna ozon su kan tsinka zaren da ya haɗa ta, ta yi ta tsagewa ko ba a taɓa ta ba. Wayoyin lantarki na motocin 1930 da roba da zaren auduga aka naɗe su, in robar ta ruɓe waya ta taɓa ƙarfe sai gobara. Fetur kuma in ya daɗe a tanki, sashensa mai sauƙi ya kan tashi ya bar wani danƙo mai toshe kafireta.

Mai raya mota ba da guduma ya ke farawa ba, da takarda ya ke farawa. Maƙeran Rolls-Royce sun rubuta bayanin kowace mota bisa lambar ƙashinta, da wanda ya saye ta, da abin da aka sa mata, takardun kuwa suna nan a Ingila. Sai an karanta su, an ɗauki hoton kowane sashe, an sa wa kowane ƙusa lamba, kafin a kwance kome. A kan kankare ɗan wuri a fenti a duba da madubin ƙara girma, a ga launuka a jere kamar zanen ƙasa a bakin rijiya, na ƙarƙashi shi ne na asali. Fentin wancan zamani a kan fesa shi sau da yawa, a goge kowane shafi da hannu kafin a ƙara wani. Fitilu da mariƙan ƙofa masu ƙyalli kuwa da lantarki a ke yi musu riga: a tsoma su a kwatarniyar magani, a saki wuta, jan ƙarfe ya manne, sai nikel a kansa, sa'an nan kurom, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Kayan gyara da yawa ba a sayar da su a ko'ina, sai a auna tsohon a ƙera sabo guda ɗaya. Irin wannan aiki ya kan ci shekaru, kuɗinsa kuma sau da yawa ya kan fi abin da za a sayi motar.

Akwai gardama mai tsanani tsakanin masu wannan sana'a. Waɗansu suna so mota ta koma kamar ranar da ta fito daga ma'aikata, ko ma ta fi. Waɗansu suna cewa in aka sauya fata, aka sauya katako, aka sauya fenti, to, me ya rage na motar da Sarki ya gani? Ra'ayi na biyun shi ke ƙara rinjaye, kuma ga gidan tarihi shi ya fi hujja, gama abin da aka kankare ba ya dawowa. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya ta kafa ƙa'idodi a kan haka, waɗanda a ke kira Yarjejeniyar Turin, suka fara aiki cikin 2013: a kiyaye abin asali iyakar iyawa, a rubuta duk abin da aka sauya, a yi gyara yadda na baya zai iya warware shi. Cikin 2024, a babbar gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka, wata Bugatti ƙirar 1934 wadda ba a sabunta ta ba, da tabonta da kome, ita ta ci lambar farko, abin da ba a taɓa yi ba a gasar.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Nijeriya yana gidan kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Ikko. Can aka ajiye baƙar Mercedes-Benz wadda aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran Jumma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Kowane mai gyaran jikin mota a Kano zai iya cike su cikin 'yan kwanaki, amma ranar da aka yi haka an shafe shaidar da aka ajiye motar dominta. Aikin masana a nan shi ne su hana tsatsa cin bakin ramukan a iskar Ikko mai gishiri, ba tare da sun sauya kamanninsu ba. Haka ma sitiyarin motar Sarki Abdul'aziz. Makaniki zai iya mai da shi hagu, amma a damansa labarin ya ke.

Ko bayan an gama gyara, aiki bai ƙare ba. Mota mai nauyin fiye da tan biyu in ta tsaya wuri ɗaya tayoyinta su kan baje, don haka a kan sa mata matokara a ƙarƙashi su ɗauke nauyin. A kan cire batir, a tsiyaye fetur, a rage hasken ɗaki don kada fata da fenti su koɗe. Ƙura ma da buroshi mai laushi a ke ɗauke ta, gama ƙurar hamada yashi ce, in aka goge ta da tsumma sai ta karce fenti. Waɗansu gidajen su kan tashi injin lokaci lokaci don mai ya zagaya, waɗansu kuwa sun hana, suna cewa kowane tashi yana cin ƙarfen da ba a da madadinsa. Su sai dai a cire fulogi, a ɗiga mai a kowace silinda, a juya injin da hannu sannu sannu don kada fistin ya manne da bututunsa.